Rasuwar Na-Gulbi, Injin Jirginmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannun da igiyar tayar da inji ta saɓule wa fata, ni Zayyad Rabe, a madadin Inna da masu fito na mashigarmu a nan Gummi, nake sanar da rasuwar Na-Gulbi, tsohon injin jirginmu. Ya cika ranar Talata da la'asar, a gindin dogon yaro, nesa da ruwa.

Marigayin ya girme ni. Babana, Allah ya jiƙansa, ya sayo shi a Yawuri tun kafin ya auri Inna. Ya ƙetarar da gero, da awaki, da amare, da masu naƙuda, har da makara. Ya sha gurɓataccen man bakin hanya bai taɓa kai ƙara ba. Da safe yakan yi tari irin na dattawa, uhu, uhu, sannan ya ɗauki tuf-tuf-tuf ɗinsa har tsallake. A cikin wannan ƙarar na fara gaya wa Ramlatu ina son ta, don na tabbata ba za ta ji ba. Ashe ta ji.

Baffanta, Malam Tasi'u, mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce mini, "Zayyadu, na ji an ce ka iya karatu. Ɗiya ba ta cin littafi. Ranar kasuwa ni zo in shiga jirginka, in ga sana'ar da idona." Ko mako ba a yi da wannan magana ba wuta ta ɗauke wa Na-Gulbi.

An yi jinya, Allah shaida ne. Na canja filogi. Na kankare bakinsa da sanfefa. Na riƙe waya da hannuna na sa aka ja igiya, ina roƙon wuta ta fizge ni, ko cizon cinnaka ban ji ba. Aka ce kwayil ne, mai ba filogi wuta. Na hau babur na je Anka, na je Bukkuyum, duk shagon da na shiga sai a tambaye ni ko injin niƙa dutsen zinariya ne. Da na ce na jirgi ne, sai a koma hira. Wa ke ta tsohon da ba ya haƙo komai?

Daga ƙarshe na saɓa shi a kafaɗa zuwa wurin Baba Tsoho, mai gyaran babura. Ban hana shi yabonsa ba, shi ya gano ciwon. Wata siririyar waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, wutar na zurarewa ta nan. Ya naɗe ta. Aka kira salla. Na ce, "Baba, don Allah kada ka tashe shi sai na kawo gangar ruwa. Wannan da ruwa yake huce zafi." Ya ce, "Tai ka yi sallarka, ɗan Rabe. Tun ba a haife ka ba nike taɓa inji."

Ina raka'a ta biyu na ji muryar Na-Gulbi. Tuf-tuf-tuf, garau, kamar a zamanin babana. Na tsaya a sahu hawaye na zuba, na kusa da ni ya ɗauka tsoron Allah ne. Liman kuwa ranar bai yi sauri ba. Kafin a zauna tahiya muryar ta siranta, ta koma ƙiii. Da aka sallame, shiru.

Na iske shi yana hayaƙi, cikinsa ya ƙame, igiya ba ta ko motsi. Tsoho ya ce, "Na bar shi shi sha iska, awa babur. Amma wutar ta kawo, kai ma ka jiya." Ta kawo, Baba. Wanda ya ƙare rayuwarsa cikin gulbi, ƙishirwa ta kashe shi a kan tudu, jama'a na kewaye suna tafi.

Ya rasu ya bar jirgin katako marar gata, da tankin mai, da gwangwanin filogai waɗanda muka zarga ba su da laifi. Ya bar Inna, wadda da asuba takan kasa kunne har yanzu. Ya bar ni. Malam Tasi'u ya cika alkawari, ya zo ranar kasuwa, ya dubi jirgin, ya dube ni, ya ce Allah ya mayar da alheri. Ramlatu ta aiko da gaisuwa ta bakin ƙawarta. A da da kanta take zuwa, ba ta taɓa aiko mini da kowa ba sai yanzu.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a kan sikelin 'yan gwangwan, bayan tasha. Ba za a yi masa wanka ba, lokacin ruwa ya wuce. Ana karɓar ta'aziyya a bakin mashiga. Baba Tsoho kada ya wahalar da kansa.

Daga jibi zan koma fito ina tura jirgi da gora, mai ƙetarewa ya zo da wuri, ya zo da haƙuri. Malam Tasi'u ya ce zai jira zuwa kaka ya ga ko gora na riƙe gida. Ba ta riƙewa. Shi ma ya sani.