Alhaji Sallau da Kashiyar da Ta Ƙi Yin Tsaki

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Sallau. In kana ganin ka san masu cika baki, to ba ka zauna da shi ba ne. Shi fanninsa guda ne: ladabtar da ma'aikatan kanti. Da wani a majalisarmu ya ce yau wata kashiya mai karɓar kuɗi a kanti ta yi masa wulaƙanci, sai Sallau ya gyara zama, ya turo hula gaban goshi.

"Ai ku ne kuke sake musu fuska! Ni da na shiga kanti, har mai gadi sai ya ƙame."

Muka ce to Alhaji, mene ne sirrin?

"Sauƙi gare shi. In ɗauki keken zuba kayan nan, in cika shi taf. In tura gaban kashiya, in yi shiru. Da ta ɗaure fuska, ko ta yi tsaki, ko ta tsaya latsa waya, shi ke nan ta shigo hannu. Sai in bari ta gama buga kayan tas, sannan in ce, 'Yarinya, kin ga cinikin nan? Rashin kunyarki ta jawo wa maigidanki asararsa. Na fasa!' In kaɗa riga, fuuu, in fice. Sau uku ina yi musu haka a ƙaton kantin nan na bakin titi. Rannan har mota manaja ya biyo ni yana roƙo."

Sallau kuwa ko keke ba shi da shi. Amma mun bar shi, don gaskiya labarin yana mana daɗi. Duk cikinmu babu wanda kashiyar kantin nan ba ta taɓa ƙona wa rai ba. Sunanta Barira. Ka yi mata sallama, cingam ne zai amsa maka, ƙas, ƙas, ƙas. Ka tambayi farashi, ta nuna maka da leɓe. Ni kaina ta taɓa wurgo mini canji har sai da na durƙusa ƙarƙashin tebur ina lalube, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa jinjina masa ba, Malam Jatau tela. Shi Jatau ba ya yawan magana, amma in ya yi sai ta zauna. Rannan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ni fa ban taɓa ganin ka shigo gida da ledar kantin nan ba, ko ta burodi."

"To ina za ka gani, tunda ba su taɓa yi mini ladabin da zan saya ba?"

"To ranar da suka yi fa?"

Sallau ya kwashe da dariya har da buga cinya. "A garin nan? Ran Asabar ku zo mu je, ku ga aiki da idonku. In ban sa yarinyar nan kuka ba, ku canza mini suna."

Ran Asabar da la'asar muka ɗunguma, ni da Jatau da wasu mutum biyu. Sallau ya sha babbar riga, guga har tana ƙara, ga turare kamar an fasa kwalba. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, duk girman aljihun rigar nan babu komai a ciki sai kuɗin keke Napep na komawa gida. Dama can haka yake zuwa. Shi jarinsa tsakin Barira ne, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Abin da shi kuma bai sani ba, an canza manaja. Sabon ya tara ma'aikata ya ce duk wanda ya ƙara ɗaure wa mai saye fuska, a bakin aikinsa. Sannan Barira ba ta manta Sallau ba. Sau uku ita aka sa ta mayar da kayan da ya bari, ɗaya bayan ɗaya, har da askirim da ya narke ya ɓata mata hijabi.

Muka shiga. Sallau ya fizgi keke, ya fara lodi. Buhun shinkafa, tim! Galan ɗin man gyaɗa biyu. Katan na taliya. Kajin firij shida. Madarar gwangwani, irin wadda mu sai a talabijin muke gani. Har da wata tukunyar lantarki da na tabbata bai san ta inda ake buɗe ta ba. Keken na tafiya yana kuka, ƙiii, ƙiii. Ya ƙifta mana ido, ya doshi wajen biya.

Barira na hango shi ta miƙe tsaye. Ta saki wani murmushi, haƙora talatin da biyu duk a waje.

"Lale marhabin da Baba! Sannu da zuwa. Ina wuni? Ya gida, ya Hajiya, ya yara?"

Sallau ya ja birki. Ya waiga bayansa ko da wani ake. Babu kowa sai mu.

"Lafiya," in ji shi, a daƙile.

Ta fara buga kaya. Tit! Tit! Tit! Hannunta kamar walƙiya, ga murmushi bai gushe ba. Sallau ya zuba mata ido yana jiran ta ɗauki waya. Ba ta ɗauka ba. Ya leƙa bakinta, babu cingam. Sai ya ga gara ya taimaka mata.

"Ke! Haka ake jefa wa mutane kaji?"

"Ayya, yi haƙuri Baba, laifina ne." Ta ɗauki kazar da hannu biyu, ta kwantar da ita a leda a hankali kamar jaririya.

"Ledar nan ba ta da ƙwari."

"Gaskiyarka, Baba." Ta ninka uku.

"Buhun nan kamar a huje yake."

Kafin ya rufe baki an kawo wani.

"Ni fa ba na son yawan murmushi. Raini ne."

"To Baba, na rage." Ta rage kaɗan, ta bar daidai misali.

Jatau ya matso kusa da ni ya ce, "Yau akwai kallo." Na duba ƙeyar Sallau, sai na ga zufa tana gangarowa, a cikin sanyin kantin nan da ni har na fara naɗe hannu.

Tit na ƙarshe ya yi. Barira ta juyo da fuskar kwamfuta, ta karanta masa jimla da murya mai daɗi. Ban riƙe adadin ba, amma na san da ta faɗa, wata mata a bayanmu sai da ta ce, "Tabarkalla!" Layi kuwa ya taru, mutum ya kai ashirin, kowa na kallon babban Alhaji.

"Baba, da kati za ka biya?"

Sallau ya yi wuf ya kama wannan. "Ai na san injinku. Kullum babu sabis! Wannan wane irin sakarci ne? Ni ba zan tsaya..."

"Yau sabis lafiya lau, Baba. Inji uku ne ma, zaɓi wanda ya yi maka."

Ya lalubi aljihun dama. Ya lalubi na hagu. Ya daki ƙirji. "Kash! Katin yana cikin ɗaya rigar."

"Ba komai, sai ka yi tiransifa."

"Wayar ta mutu."

"Ga caja."

Kafin ka ce me, an jona masa waya, an kawo kujera, an miƙo ruwa mai sanyi a kan faranti. Manaja da kansa ya fito, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ka huta. Ko Magariba za ta kai, muna nan muna jira. Irinku ai ba a yi muku gaggawa."

Wayar banza kuma, da ma ba ta mutu ba. Ana jona ta ta yi ƙiririn, ta haska fes, caji tamanin.

Sallau ya kalle mu. Mu ma muka kalle shi. Jatau ya harɗe hannu ya ce, "Alhaji, muna fa jira. Ka ce kuka za ta yi."

Wallahi a nan na fara jin tausayinsa, amma dariyar da ke cina ta fi tausayin ƙarfi. Mutum ya zo da shirin faɗa, an tare shi da ruwan sanyi. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Can sai ya sunkuya kan teburin, ya kai baki kusa da Barira, ya sassauta murya.

"'Yar nan, don girman Allah, ki ɗan yi mini tsaki."

"Na'am, Baba?"

"Tsaki. Guda ɗaya tak. Ko harara ce ma ta isa. In samu in fita da mutuncina."

"Baba, ƙarar firij ta yi yawa, ban ji ba. Ɗan ɗaga murya."

Sallau ya manta da inda yake. "Na ce ki yi mini tsaki in tafi! Ko sisi ba ni da shi!"

Kowa a kantin ya juyo. Har mai gadi ya leƙo.

Barira ta juya cikin ladabi ta ce, "Manaja, Baba yana son tsaki. Muna da saura?"

Manaja ya dafe ƙirji. "Ayya, ranka ya daɗe! Ai tun farkon wata muka daina."

Sai Jatau ya tako gaba, ya gyara murya. "Haba Alhaji, in dai tsaki ne, me ya sa ba ka faɗa mana tun a gida ba?" Ya tattara leɓe, ya ja wani dogo: "Mtsssswww!"

Matar nan ta bayanmu ta karɓa. Na bayanta ya karɓa. Kan ka ce kwabo layi gaba ɗaya ya ɗauka, mtsw, mtsw, mtsw, har da mai gadi daga bakin ƙofa.

Barira ta jira har aka lafa. Sannan ta tura masa injin kati da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"To alhamdu lillahi, Baba, tsaki ya samu. Saura kuɗin."