Oga Na-Riga-Na-Sani Ya Canza Shokazoba

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya huwace wa sanin mota, a fara da Mataimakin Daraktan Sufuri na hukumarmu, sannan a rufe baki, don babu na biyu. Gaskiya ne bai taɓa riƙe sifana ba, amma wannan ba aibi ba ne. Shi ke sa hannu kafin a zuba wa motar ofis mai, shi ke sa hannu kafin a yi wa taya faci, kuma mutumin da ya daɗe yana sa hannu a kan mota dole ya san cikinta. Direbobi suna kiransa Oga Na-Riga-Na-Sani, saboda ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. An ce ko ranar da aka zo yi masa albishir matarsa ta haihu, abin da ya faɗa ke nan.

Motarsa ta kansa tsohuwa ce mai ruwan toka, kuma shokazobar gabanta, masu shanye girgizar hanya, sun daɗe da mutuwa. In ta faɗa rami a bakin layi, sai ta yi ta gyaɗa kai har ƙofar gida, kamar wadda ake yi wa nasiha. Sandunan gas masu riƙe bonet su ma sun yi sallama da duniya. Duk sanda Oga zai duba man inji, da sandar mofar matarsa yake tokare bonet, ita kuma baiwar Allah ta koma goge ɗaki a sunkuye.

Ba wai babu makanikai a unguwar ba. Akwai su. Sai dai Oga ya koya wa kowannensu aikinsa har sun ƙoshi. Da sun hango motar tana tafe tana gyaɗa kai, sai gareji ya watse, kowa ya tuna yana da uzuri a bayan gari.

Ana haka sai ga labari: Darakta zai yi ritaya, kuma Shugabar Kwamitin Gudanarwa za ta zo da kanta ta ga wanda ya dace da kujerar. Dattijuwa ce mai ciwon baya, marar yawan magana. Motar baƙi ta ofis kuwa tana gareji, tana jiran Oga ya gama nazarin abin da ke damunta. A taron shirye-shirye Oga ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ni zan ɗauko ta daga filin jirgi, a motata. Shugabanci ba a takarda ake nuna shi ba. Zan sabunta motar da hannuna, don na ƙasa da mu su ga misali."

Darakta ya buɗe baki zai yi magana. Oga ya ce ya riga ya sani.

Ranar hutu ya tafi shagon kayan gyara. Mai shago ya ɗora shokazoba biyu a kan kanta, daidai da irin motarsa, da siraran sandunan bonet biyu. Oga ya dube su kamar an miƙa masa takalmin yara.

"Waɗannan na gama-gari ne. Ni ba na hawa abin da kowa ke hawa. Kawo na manya, mafi ƙarfi."

Mai shagon mutum ne da bai taɓa musu da mai saye ba. Ya shiga ciki ya jajibo shokazobar babbar yayar motar, doguwar nan mai hawa duwatsu, da sandunan da aka ƙera don ɗaga ƙofar bayan bas. Ya ce tun da ya buɗe shago bai ga mai ido irin na Oga ba. Oga ya ce mutane da yawa sun faɗa.

A gida ya saka sabuwar rigar aiki fara fat, wadda ya sa aka goge mata kari. Ya jera sifanoni a kan tawul kamar likitan tiyata. Ƙanin matarsa, wani ƙato mai son zaman lafiya da ya zo gaida yayarsa, shi aka naɗa mataimaki ba tare da an tambaye shi ba. Maƙwabta suka fito da kujeru.

"Abin da makanike ba ya ganewa," in ji Oga, yana nuna taya da sifana, "shi ne mota lissafi ce. Su da ƙarfi suke aiki. Ni da ƙwaƙwalwa."

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, tsohuwar shokazoba ta fito bayan ta ci masa fatar yatsu biyu. Sabuwar ta ƙi shiga. Ramukan noti suna kallon juna, amma sun ƙi gaisawa. Nan ƙwaƙwalwa ta aika a aro guduma. Aka yi ta bugu har karnukan layin suka koma wata unguwa. Kafin rana ta yi sanyi shokazoba biyu sun shiga, farar riga ta koma kalar kwalta, notuna uku kuma sun rage a kan tawul. Oga ya bayyana cewa kamfani kan saka ƙari don masu ɓarna.

Da aka sauke jak, gaban motar bai sauko ba. Ta tsaya hanci a sama, gindi a ƙasa, tana kallon maƙwabta ta ƙasan ido. Wata tsohuwa ta ce yau dai mota ta yi kama da mai ita. Oga ya yi mata godiya.

Saura bonet. Ya zare sandar mofa ya miƙa wa matarsa da hannu biyu, kamar mai ba da lambar yabo. Sababbin sanduna suka ɗaga bonet tsaye cak, abin sha'awa. Aka tafa. Sai aka zo rufewa. Oga ya danna, bonet bai san ana yi ba. Ya rataya da duk nauyinsa, ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Baban yara, ko a mayar musu da kayan nan?" in ji matarsa.

"Mace ba ta san inganci ba. Ƙarfi ne ya yi yawa, kuma ƙarfi ba ya yawa."

A ƙarshe ƙanin matar ya hau ya zauna. Bonet ya sauko a hankali, wani ƙarfe ya yi ƙara a ciki kamar an taka gwangwani, ya kama.

"Yaya, na ji kamar makullin ya lanƙwashe."

"Na riga na sani. Haka ake yi masa."

Ranar zuwan Shugaba, Oga ya isa filin jirgi cikin kwat da turare. Sai da ya tallafa mata kafin ta iya hawa. Tun kafin su fita daga harabar ya fara jawabi.

"Ranki ya daɗe, motar nan da kike ciki babu hannun makanike a jikinta. Ni na kwance ta, ni na ɗaure ta. Irin kulawar da zan ba motocin hukuma ke nan."

Sababbin shokazoba ba sa gyaɗa kai, ba sa ma lanƙwasa. Kowace tsakuwa da ke kan titi sai ta bi ta taya, ta bi ta kujera, ta isar da saƙonta ga ƙashin bayan Shugaba. A ramin farko ta ce wash. A na biyu ta riƙe hannun ƙofa. A na uku ta fara salati a hankali. Oga ya leƙa ta madubi, ya ga idonta a rufe, ya gane daɗi ne ya kwashe ta.

"Kin ji yadda take riƙe hanya, ranki ya daɗe? Da hannuna."

A ƙofar hukuma ma'aikata sun jeru layi biyu, Darakta a gaba, wata sakatariya riƙe da furanni. Akwai ɗan tudun rage gudu a bakin get, wanda Oga da kansa ya sa aka gina, ya kuma nace a ƙara masa tsayi. Ganin jama'a ya sa ya ɗan ƙara wuta don a ga shigowa.

Gaba ya yi sama. Shugaba ta yi sama. Makullin da ya lanƙwashe ya saki, bonet ya miƙe tsaye da duk ƙarfin da aka ƙera don bas, ya rufe gilashi ruf. Oga ya zuro kai ta taga yana ihu a kauce, layi biyu suka watse, furanni suka tashi, motar ta gangara a hankali ta rungumi allon da aka rubuta barka da zuwa, ta tsaya.

Mata biyu suka sauko da Shugaba, tana dafe da ƙugu. Oga ya zagayo da sauri yana gyara kwat.

"Ranki ya daɗe, kin ga irin abin da nake yaƙi da shi. Makanikan zamanin nan ba su da amana."

Ta dube shi, ta dubi bonet da ke tsaye har yanzu.

"Tun daga filin jirgi kake gaya mini da hannunka ka yi." Ta juya ga Darakta. "Wannan ne kuke so a damƙa wa motocin hukuma?"

"Shi ne mai bi mini, ranki ya daɗe."

"A nema masa aikin da babu taya a cikinsa."

Yanzu Oga shi ne Shugaban Sashen Tebura da Kujeru, a wani ɗaki kusa da sito. Yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ƙarin girma ne, Shugaba ta ga hazaƙarsa ta ce a ba shi sashe nasa na kansa. Kujerun nan masu juyawa kuwa, masu 'yan tayoyi a ƙasa, Darakta ya sa an kwashe su zuwa wani bene tun kafin ya iso.