Maɓallan Saje Zubairu

Ku bar ni in kurɓi ruwa tukuna, don labarin Baballe Mai Rediyo ba a ba da shi da busasshen maƙogwaro. Ni na riƙe masa shebur tun daga farko har ƙarshe, saboda haka duk wanda ya ba ku wani abu daban, ƙari ya yi.

Kun dai san an yanka sabon layi a unguwarmu, wanda ya bi ta bayan tsohon bariki. To, mai unguwa Tukur ya tara mu ya ce za a raɗa wa layin suna, kuma sunan wani daga cikin magabata za a sa, wanda ya yi abin a zo a gani. Kafin ya rufe baki Baballe ya miƙe. Shi fa tun muna firamare yake cika mana kunne da kakansa Zubairu, wanda ya ci sunansa. Abin da ubansa ya gaya masa bai wuce cewa tsohon ya yi aikin bariki zamanin Turawa ba. Amma a bakin Baballe, kakan nan bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Muna aji uku kurtu ne, da muka gama makaranta ya zama kofur, shekarar da Baballe ya yi aure kuwa ya kai saje. Bawan Allah yana kwance a kabarinsa ana ta yi masa ƙarin girma.

"Ranka ya daɗe, Layin Saje Zubairu," in ji Baballe. "Mutumin da ya je yaƙin ƙasar Bama ya dawo da ƙafarsa."

Ilu Tela, wanda shi ma yake so a sa sunan kakansa da ya dasa durumin bakin masallaci, ya ce, "Ni dai ga durumin kakana can, kowa na shan inuwarsa. Kai ina sajen naka? Ko hula ce a nuna mana."

Mai unguwa ya ce Ilu ya yi magana. Ya ba Baballe mako biyu ya kawo shaida, in babu, durumi ya ci.

Yanzu akwai wani ƙanin matar Baballe da ya tafi haƙar zinare, ya dawo da tari da wani inji. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa, da abin sawa a kunne, in ta ji ƙarfe a cikin ƙasa sai ta yi kuka ƙiii. Ita Baballe ya aro, ya zo ya tsaya mini a ka sai na raka shi kangon kakansa, wanda yake jikin tsohon barikin, inda yanzu awaki ne kawai ke zama.

Ranar farko, duk inda ya taka sai injin ya yi kuka. Ya ce, "Haƙa nan!" In haƙa, babu komai. Ya matsa gaba, ƙiii. "Haƙa nan!" Rami bakwai na haƙa cikin rana tsaka, gumi har cikin ido. Sai da na zauna ina haki na lura da ƙafarsa. Ashe don girmama aikin ya je gwanjo ya sayo takalmin soja mai ƙarfe a baki, takalminsa injin yake ji. Wallahi na so in tura shi ramin na bakwai in mayar da ƙasa. Daga ranar babu takalmi ya yi aiki, yana tsalle cikin kashin yawo.

Kwana biyu muna tono gwangwanin madara da murfin kwalba da tsohuwar ƙusa. Rana ta huɗu muka kai bakin wata matacciyar rijiya a ƙuryar kangon, kusa da wani faffaɗan dutse mai sulɓi. Nan injin ya kama ihu kamar an taka wa kare wutsiya. Sara ɗaya na yi sai ga wani abu zagayayye, ya yi kore saboda daɗewa. Baballe ya tofa masa yawu ya murza a riga. Maɓalli ne na tagulla, irin na kakin soja. Muka ƙara tonawa, ga wani, ga goma, ga tafin hannu. Kafin la'asar mun cika kwanon awo, har da wani dunƙulen ƙarfe da tsatsa ta cinye, kamar babban yatsa.

Baballe ya durƙusa a gaban kwanon, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ce, "Rigar soja maɓalli nawa gare ta?"

Na ce, "Biyar, ko shida."

"To wanda ya bar kwano guda fa? Ashe duk shekarun nan rage masa girma nake yi!"

Sai aka shiga wanki. Ya samo wani bidiyo a waya, wani Bature yana nuna yadda ake goge maɓallin da aka tono, wai a hankali, kada a kankare tambarin. Baballe ya rufe shago kwana tara, rediyoyin mutane na jira. Ya kwashe tsamiyar matarsa Lanti kaf ya jiƙa, gidan ba a ƙara shan kunu ba. Sai ya zauna a zaure da toka da asuwaki da tsinken sakace, ya ɗauki maɓalli ɗaya ya yi masa asuwaki kamar haƙori, ya sakace ramukansa, ya hura, ya ɗaga wa rana. Har magana yake yi musu. In ka yi sallama da ƙarfi ya ce ka rage murya.

Gaskiya sun fito, sun yi jawur, ga kambi da rubutun Turawa a jiki, manya da ƙanana. Abin da ya dame ni shi ne, babu ko ɗaya mai lafiya. Wannan ya lotsa, wancan ya baje, wani kunnen da ake sa zare ya karye.

Na ce, "Baballe, me ya sa duk suka lotsa?"

Ya ce, "Harsashi ne. Kowane maɓalli da ka gani nan, harsashi guda ya tare."

"Yanzu sau ɗari uku aka harbe shi, kuma kowane harbi a maɓalli?"

"To da kai a zatonka a banza ake ba da saje?"

Na nuna masa wani shuɗi-shuɗi da ya maƙale a lungunan wasu, wanda ko tsamiya ta kasa fitarwa. Ya ce ruwan teku ne, ai ta jirgin ruwa suka je Bama, kuma kowa ya san teku shuɗi ne. Dunƙulen ƙarfen nan kuwa da ya sha toka sai ga siffar zakara, da tukku da wutsiya. Baballe ya yi kabbara, ya ce lambar yabo ce, wadda ake ba zakaran gwajin dafi. Ni dai na ji a raina na taɓa ganin irin zakaran nan a wani wuri, amma na kasa tunawa.

Bai tsaya nan ba. Ya sayo kot ta kaki, ya zauna da allura ya ɗinke maɓallan nan duka a jikinta, gaba da baya da hannuwa, tunda ba zai kai wa Ilu ba. Ya sa wa zakaran jan zare ya rataya a wuya. Sannan ya ce saura shaidar baki, zai ɗauko Gwaggo Yalwa daga ƙauye. Ita ce 'yar Zubairu da ta rage a duniya, ta doshi casa'in, ido ya tafi amma harshe na nan da kaifinsa.

Na ce, "Don Allah ka fara tambayarta a ɗaki, kai da ita, kafin ka kai ta gaban jama'a."

Ya harare ni. "Ana tambayar 'yar saje ko ubanta saje ne?"

Ranar da wa'adi ya cika, bayan la'asar, unguwa ta taru a kangon. Mai unguwa na kan kujera, Ilu na gefe ya harɗe hannu. Baballe ya iso cikin kot ɗin nan, nauyinta ya sa ya ranƙwafa, yana tafiya yana kacau-kacau. Injin yana jingine da bango, Baballe na gilmawa ya kama kuka, sai da aka cire masa batir. Aka sauko da Gwaggo daga keke mai ƙafa uku, aka zaunar da ita a kan faffaɗan dutsen nan. Tana shafa shi sai ta ce, "Allah sarki, dutsen Baba!"

Baballe ya juyo ya dube mu. "Kun ji ko? Nan yake zama yana ba da oda." Ya durƙusa ya ɗora hannunta a ƙirjin kot. "Gwaggo, shafa ki gaya wa ranka ya daɗe ko na wane ne."

Ta lalubi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya har da tari. "Oh ni 'yasu! Ashe nan suka shige? Babana, ka san dukan da muka sha a kan 'yan banzan nan? Baba na ɗaga kaki ya maka a dutse, sai ka ji tsil, maɓalli ya yi tsalle. Mu yi ta nema cikin caɓi da ruwan bula har magariba."

Baballe ya yi sauri ya miƙa mata zakaran. "To wannan fa, Gwaggo? Lambar yabon?"

Ta juya shi a hannu. "La, zakaran dutsen guga! Shi ne makullin murfin. Ranar da ya ɓalle garwashi ya zubo ya ƙona wandon wani kyaftin. Ai duk barikin nan babu wanda ya kama ƙafar Baba a wanki da guga."

Ilu Tela ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ni kam tausayi ne ya kama ni, don na ga layi yana suɓuce wa abokina yana komawa gindin durumi. Baballe ya matsa kusa da kunnenta, maɓallai na kacau-kacau.

"Gwaggo, ki tuna da kyau, ga jama'a. Ai dai ya yi yaƙi ko? Ko sau ɗaya ne, ai ya doki wani."

Gwaggo ta gyara zama a kan dutsen ta ce, "Sau ɗaya? Haba Babana! Daga kofur har kanar babu wanda bai jibga a dutsen nan ba. Sai dai shi mutum ne mai ladabi, yakan jira su fita daga cikin rigar tukuna."