Rasuwar Mai Huci, Tanderun Ɗakin Masu Tari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hannun hagu kuma, domin na dama yana ɗaure, ni Abdulsalam, malamin ɗakin shan magani na ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi, nake sanar da rasuwar tanderunmu, Mai Huci. An kashe shi ranar Laraba da hantsi, cikin bazarar 1975, yana da shekara bakwai.

Kabo maƙeri ne ya ƙera shi da tsohon duro da bututu biyu. Aikinsa shi ne ya zuƙo iskar ɗakin masu tari da sanƙarau, ya bi da ita ta cikin jan ƙarfe, ƙwayoyin cuta su ƙone. Bai taɓa ƙyamar majinyaci ba. Maganarsa ba ta wuce "fuuu" in ya ƙoshi da kananzir, da "ƙat-ƙat" in yana hucewa.

Marigayin bai yi jinya ba. Ranar Talata sanƙarau ya ɗauke Hajo, matar wani manomi Maiwada, a ɗakin nan. Allah ya jiƙan ta. Washegari Maiwada ya faɗo mana da gatari.

"Malam, kauce! Wannan ƙarfen ne ya dafa min mata!"

Na ce, "Ka ji tsoron Allah, Maiwada, ciwo ne ya kashe ta."

Sara na farko ya tsinke bututu. Na biyu ya farke masa ciki, kananzir ya kama da wuta, ya bi ƙasa ya lashe tabarmi uku, majinyata suka fice da rarrafe suna ihu. Na ukun na tare da hannuna, yatsu biyu suka tafi. Sai da maza huɗu suka danne Maiwada, Barira ungozoma ta kashe wutar da yashi.

Marigayin ya bar ƙanensa risho, da tukunyar dafa allura, da mazurari guda, sai majinyata goma sha ɗaya.

Za a kai gawar maƙerar Kabo ranar Asabar bayan la'asar, ko zai iya tayar da marigayin. Maiwada ne zai ɗauke ta a ka. Shi ya roƙa da bakinsa, yana hawaye, domin jiya aka kwantar da 'yarsa Larai a ɗakin, wuyanta ya sanƙare.

Mai zuwa ta'aziyya ya tsaya daga waje, ya rufe hanci da baki.