Tsohon Safiyo Ya Auna Wasan Surukinsa

Akwai wani malamin kwamfuta a Zariya mai suna Lurwanu, yana koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada. Shekararsa arba'in da ɗoriya, mutum ne shiru-shiru, amma in kana so ka makara a inda za ka, to ka tambaye shi labarin wasannin kwamfuta na da. Su ne ya taso yana bugawa a shagon buga takardu na yayansa a Sabon Gari, tun lokacin da kwamfuta take da ƙatuwar ƙeya, in an kunna ta sai ta gama gurnaninta kafin ta kula mutum.

A irin wannan wasa, jarumi ake ba ka a jefa ku tare cikin wani wuri mai lungu-lungu. Ka danna sau ɗaya, ya yi taku ɗaya. Ba a ba ka taswira, ba kibiyar da za ta nuna maka hanya, ba mai ce maka ga inda za ka dosa. Sai dai ka nemo littafin lissafi mai gida-gida da fensir, duk taku ka cike gida ɗaya, duk bango ka ja layi, har ka zana wurin da hannunka. Lurwanu yakan ce wasannin yanzu jan mutum suke yi da igiya kamar rago. Shi a wurinsa daɗin abin shi ne ka ɓata, ka zauna ka yi tunani, ka fid da kanka.

Da ya ga ba mai haɗa irinsu yanzu, sai ya zauna ya haɗa nasa. Shekara uku ya kwashe a kai. Labarin wani mafarauci ne da ya sauka ta tsohuwar rijiya zuwa wani kufai a ƙarƙashin ƙasa, don ya gano abin da ya tsayar da ruwan garinsu. Kufan hawa uku ne, kamar benen da aka kifa, kowane hawa da zaurukansa da lungunansa da dodanninsa. Saura kwana goma a yi taron masu haɗa manhaja a Kano, an kuma ba shi tebur ya nuna aikinsa a gaban mutanen da suke ɗaukar irin wannan aiki su kai shi gaba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne, har ranar ba mahalukin da ya taɓa wuce hawa na farko. Ya ba abokan aikinsa sun gwada. Ɗaya ya yi minti goma ya tambayi inda bindigar take. Ɗaya ya zaga zaure guda sau bakwai, ya ce kwamfutar ce ta lalace. Malamin lissafi, wanda Lurwanu ya fi sa rai a kansa, ya ce wasan ya yi kyau ƙwarai, a dai sa masa kibiya. Matarsa Atika, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta taɓa na ɗan lokaci ta miƙa masa abinsa, ta ce ita yini take tana zaga lungunan asibiti, ba ta ga dalilin da za ta dawo gida ta ɗora daga inda ta tsaya ba.

Ita ce kuma ta kawo shawarar a kai wa mahaifinta. Baba Ɗan'azumi tsohon safiyo ne, mai awon ƙasa, kuma tun da ya yi ritaya ya rasa abin da zai auna. Ya auna gidansa na Ƙofar Doka ciki da waje, ya auna kicin, ya auna lungun da ke bayan gida har ya sanar da maƙwabcinsa cewa katangarsa ta karkace da faɗin yatsa huɗu. Atika ta ce in dai abin zane ne a takarda mai gida-gida, to an samu mai shi, mutanen gida kuma su huta.

Lurwanu bai so ba. Shekara goma sha biyu da aurensu, bai taɓa zama a kan kujera a gaban surukinsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya kuma san tsohon ya taɓa tambayar Atika ko mijin nata har yanzu yana wasan yaran nan. Amma kwana goma ba yawa, kuma ba shi da wani.

Ranar Asabar bayan azahar suka je. Lurwanu bai gama gaisuwa ba Atika ta riga ta zayyana komai ta shige cikin gida, ta bar shi durƙushe a zaure da kwamfuta a hannu. Ya buɗe ta a kan ɗan tebur, ya yi bayani kansa a ƙasa. Tsohon ya saurara. Da aka gama, bai tambayi ko wane ne mafaraucin ba, bai tambayi ruwan garin ba. Abin da ya so ya sani shi ne ina ne arewa, kuma taku ɗaya ƙafa nawa ne. Lurwanu bai taɓa tunanin wannan ba a shekara ukun nan, sai ya ce ƙafa goma. Tsohon ya ce mafaraucin nan dogo ne, amma ba komai. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon akwatin ƙarfe, ya fid da rula da fensir uku da babbar takarda mai gida-gida da ta fara ja don tsufa. Ya rubuta ma'auni a kusurwa, ya gyara zaman tabarau, ya yi bismilla.

Lurwanu bai taɓa ganin an buga wasa haka ba. Tsohon ba ya gaggawa. Ya danna, ya ɗiga. Ya juya mafarauci gabas ya duba bango, ya juya shi yamma ya duba, sannan ya ja layi da rula. Da dodon farko ya faɗo, jajayen idanu da haƙora, wanda Lurwanu ya yi mako biyu yana zana shi, tsohon ko gezau bai yi ba. Ya tura masa kwamfutar da bayan hannu.

"Malam Lurwanu, kawar mini da wannan, ya tsaya mini a kan layi."

Haka aikin ya rabu: suruki yana awo, Lurwanu yana kashe dodanni daga durƙushe. Da suka iske akwati a wani zaure, tsohon ya sa masa alama a takarda ya wuce. Sai da Lurwanu ya yi ƙarfin hali ya ce mabuɗin ƙofar gaba yana ciki. Tsohon ya ce shi a aikinsa bai saba buɗe kayan mutane ba, amma tunda mai wurin ya ba da izini, to. Kafin kiran la'asar sun gama hawa na farko, ba su ɓata ko sau ɗaya ba.

Washegari tsohon da kansa ya bugo waya yana tambayar ko lafiya, ya ga har sha ɗaya ta wuce. A ranar ne, a hawa na biyu, ya tsaya yana kallon takardarsa. Akwai wani fili a tsakiya, gida uku tsawo uku faɗi, bango ya kewaye shi ta ko'ina, ba ƙofa. Ya ce shi bai taɓa ganin magini ya bar wuri irin wannan a banza ba. Ya kai mafarauci jikin bangon, ya bi shi taku-taku yana turawa, a na biyar bango ya buɗe. Ɓoyayyen ɗaki ne da Lurwanu ya saka tun shekarar farko, ya cire rai wani zai taɓa ganinsa. Sai da ya juya fuska ya yi kamar yana gyara hula, don idonsa ya kawo ruwa. Tsohon ya zana ɗakin, ya busa ƙurar fensir, ya ce wanda ya tsara wurin nan yana da kai. A shekara goma sha biyu, wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi a kan Lurwanu.

Daga nan kullum Lurwanu ya tashi daga makaranta sai Ƙofar Doka. Abokan hirar tsohon, waɗanda suka saba zama a dakalin ƙofar gida, suka ga shiru, suka biyo shi zaure. Kafin Talata sun zama 'yan kallo, kowa da shawararsa, wani ya ce a bi dama, wani ya ce lungun can bai yarda da shi ba. Duk wanda ya shigo sabo, tsohon yakan nuna masa allon da fensir ya ce surukinsa ne ya gina garin nan shi kaɗai, ba ko lebura. Har kujera aka kawo wa Lurwanu. Bai zauna ba, amma ya ji daɗin ganinta.

Sai dai a hawa na ukun da suka sauka akwai abin da Lurwanu ya sani wanda ba wanda ya sani. Bara, bayan ya gama gina hawan kaf, ya tuna bai saka taskar makamai ba, kuma ba yadda mafarauci zai tunkari ƙofar ƙarshe hannu rabbana. Ya duba ko'ina, ba wuri. In zai yi abin daidai, sai ya rushe rabin hawan ya sake, aikin wata guda. Sai ya yi dabara. Ya buɗe ƙofa a wani lungu, ya ɗora taskar a bayanta, alhali a lissafi gida taran da taskar ta hau na ɗakin rijiya ne, wanda ake shiga ta ɗaya gefen. A allo ba abin da zai nuna. Ya gaya wa kansa ba mai zuwa nan, wanda ya zo kuma ba zai tsaya ƙirga taku ba.

Ranar Laraba bayan la'asar, zaure cike, tsohon ya shiga ɗakin rijiya ya zana shi tsaf. Ya fito, ya bi dogon lungu, ya karya kwana biyu, ya iske ƙofa ya buɗe. Takubba da garkuwoyi suka bayyana, 'yan kallo suka yi ta murna. Tsohon ya kai fensir zai ɗiga, sai hannunsa ya tsaya a sama.

Ya mayar da mafarauci baya har bakin ɗakin rijiya, ya sake tahowa yana ƙirgawa a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ya iso wuri ɗaya. Ya goge layi biyu, ya fere fensir, ya sake zagayowa ta ɗaya hanyar, wannan karon ya sa ɗaya daga cikin abokansa ya riƙa ƙirgawa tare da shi. Lissafi bai canja ba. Lurwanu yana durƙushe yana addu'ar ko wuta ta ɗauke, sai ya tuna kwamfutar tana da caji. Tsohon ya cire tabarau ya ajiye a kan takarda.

"Malam Lurwanu, ɗakin rijiya da ɗakin makaman nan a kan gida tara ɗaya suke zaune. Na auna sau uku."

Lurwanu ya dubi takardar, ya dubi kujerar da aka kawo masa, ya dubi dattawan da suka zuba masa ido. Gaskiya ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Nan take ya ƙirƙiro wani mutum da bai taɓa kasancewa a wasan ba.

"Ai Baba, da gangan ne. Akwai wani matsafi a ƙasan kufan. Shi ne yake iya ɗora ɗaki biyu a wuri ɗaya, kowanne da ƙofarsa, duk wanda ya shiga kuma ya rantse wurin nasa ne shi kaɗai."

Dattawa suka jinjina kai, wani ya nemi tsari. Tsohon ya ɗauki tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar a hankali.

"Af, shi ne? Ai na san shi."

"Kun san shi, Baba?"

"Shekara talatin da biyar ina bin bayansa da tef ɗin awo. Mu dillalin filaye muke ce masa."