Nomau Mai Gadin Kyamara

A ƙauyen Tsamiyar Gora akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Matsalarsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Tabawa da 'ya'ya uku, kuma idan ba shi da aiki sai ya zauna yana kallon ƙadangaru a jikin katanga. Da aka zo yin sabon titi, sai ya cinye gonarsa. Don a share masa hawaye, kamfanin titin ya ɗauke shi aikin gadi na gwajin wata ɗaya a tolget ɗin da aka kafa. Tolget ne da babu mai karɓar kuɗi: hasken lesa ya gane mota ta iso, kyamara ta ɗauki lambarta, a cire kuɗin ta wayar direba, ko birki ba ya takawa. Tabawa ta ce, "Malam, ka riƙe aikin nan da kyau. Babu gonar da za mu koma."

Wata rana Injiniya Murja, mai kula da na'urorin, ta ce, "Malam Nomau, kyamarar nan tana da tsada. Kada ka bari komai ya same ta." Da hantsi hadari ya haɗo. Nomau ya ruga gida ya kwaso zanen Tabawa na zuwa biki, ya hau tsani ya naɗe kyamara tsaf. A ofis suka duba allo, babu mota ko ɗaya, sai furannin atamfa. Ranar direbobi sun sha hanya kyauta har azahar. Injiniya ta iso tana huci, ya tarbe ta da murmushi. "Hajiya, ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Wata rana kuma ta ce, "Duk abin da zai wuce nan, sai kyamara ta ga lambarsa." Ran kasuwa sai ga makiyayi da shanu arba'in. Nomau ya tsaya gabansu ya ware hannu. Ya samo kwali da gawayi, ya shiga rubuta lamba yana ɗaura wa kowace saniya a wutsiya. Motoci suka yi layi har gada, hon ko ta ina. Injiniya ta same shi riga a yage, gumi sharkaf. "Saura bakwai, Hajiya. Bijimin ne ya ƙi ba da haɗin kai."

To, ana cikin haka wata matsala ta ɓullo. Kullum bayan azahar lesa sai ta makance kusan awa guda. Ƙwararru suka zo daga birni da kwamfutoci, suka duba, ba su ga komai ba. Manaja ya ce ai ba sai an wahala ba, Nomau ne ke taɓe-taɓe. Injiniya ta ji tausayin Nomau, ta ce masa, "Kada ka ƙara taɓa komai. Zauna nan ka zuba wa na'urar ido, duk abin da ka gani ka faɗa mini."

Kwana uku Nomau bai ɗauke ido ba sai don salla. Ranar ƙarshen wata manaja ya zo da takardar sallama a hannu. Tabawa ta biyo mijinta ta tsaya nesa. Injiniya ta ce, "To, me ka gani?"

"Ran Litinin ƙuda biyu sun sauka. Ran Talata tsuntsu ya yi kashi a kan ƙarfen da ke riƙe da na'urar."

Manaja ya miƙa masa takarda.

Nomau ya ce, "Sai kuma mai jan kai, amma shi kullum ne."

"Wane mai jan kai?"

"Ƙadangare. Bayan azahar yakan zo ya kwanta a kan gilashin lesa. In ya gama hutawa ya tafi."

"Me ya hana ka kore shi?"

"Hajiya, kin ce kada in taɓa komai."

Suka tsaya jira. Ana idar da salla sai ga ƙadangaren ya hawo ƙarfen, ya gyaɗa wa manaja kai sau uku, ya baje cikinsa a kan gilashin. Nan take wayar Injiniya ta yi ƙara daga ofis: lesa ta ɗauke. Manaja ya karɓe takardarsa ya cusa a aljihu, ya ce a sa raga a gilashin, Nomau kuma ya ci gaba da aiki.

A hanyar gida Tabawa ta share hawaye da gefen zanen nan nata. Ta ce, "Malam, ka yafe mini. Shekara goma sha biyar ina yi maka faɗa kan kallon ƙadangaru, ashe koyon sana'a kake yi."