Yadda Za Ka Mai da Totur Kan Makunnin Rediyo

Kai direban layin Jibiya zuwa Maraɗi, har yanzu da ƙafa kake taka totur? Turawa sun daɗe da miƙa wa lantarki wannan aiki. Bi matakan nan sau da ƙafa, na lamunce maka motarka za ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba tun tana sabuwa. Ni da nake gaya maka mai gyaran rediyo ne a bakin tasha, kuma mota ai rediyo ce da aka sa wa taya.

1. Samo dalili, ka ɓoye shi

Wanda na fara yi wa aikin nan Rabe ne, direban Hajiya Luba. Duro ya faɗo masa a ƙafar dama, ta daina taka komai sai da kuka. Ya tabbata in Hajiya ta ji za ta karɓe makulli, gidansa kuma da motar nan ake ɗora tukunya. Ya zo rumfata yana ɗingishi ya ce, "Malam, ka rufa mini asiri, kar matar ga ta ji." Na tausaya masa ƙwarai. Mai ɗori zai ce a kwanta, ni kuwa na ce ya kawo mota.

2. Tara kayan aiki

Kana bukatar ƙaramin injin da ke kaɗa waifa, da waya, da dalma, da robar tayar keke. Cire injin daga motarka. Damina in ta zo, yaron mota ya leƙo ya goge gilashi da hularsa.

Fis, ɗan abin nan mai kare waya daga ƙonewa, ba dole ba ne. Aikinsa kawai ya ƙone a lokacin da ake tsananin son wuta.

3. Haɗa

Ɗaure wayar totur a hannun injin, ka tamke da roba. Ja waya biyu daga nan zuwa makunnin rediyo, wannan da ake murɗawa a ƙara murya. Kada ka raba shi da aikinsa na asali, ɓarna ce. Murya ta ɗaga, mota ta ɗaga. Murya ta sauka, mota ta lafa. Fasinja na son haka, don in kalangu ya yi zafi tafiya ma ta yi zafi.

Birki da kuloci kuwa, ƙafar hagu ta isa. Sai dai ta riƙa zaɓen ɗaya.

4. Kula da wanda ka sa a gaba

Nan ne ilimin yake. Tunda aka ƙaddamar da shari'a kowa ya san yadda ake yi: in an hango shingen 'yan hisba sai a zare kaset ɗin kiɗa, a zura na wa'azi, a ƙure murya, kowa ya gyara hula. Kai mai sabon totur, zura na wa'azin, amma ka bar malamin yana raɗa.

Rabe ya kiyaye wannan. Abin da bai kiyaye ba shi ne Alhaji Arzika, wani dillalin gero da ya biya kujerar gaba. Suna dosar shinge wajen Magama, Alhaji ya ji wa'azi ƙasa-ƙasa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai direba, mi ke damunka? Ɗazun kiɗa har kunne na ciwo, yanzun malam kake ma rowa? Cewa za su yi ba mu da imani."

"Alhaji, kar ka taɓa," in ji Rabe.

Alhaji ya riga ya murɗa har ƙarshe, kuma da yake hannun ɗaga buhu ne, makunnin ya fito a hannunsa.

5. Tsayawa

Ban gama nazarin wannan mataki ba. Abin da na sani, motar ta wuce 'yan hisba malam na ta kwatanta azabar kabari, ta wuce kwastan da guntun sandar shingensu a kan gilashi. Sai da suka shiga ƙasar Nijar Rabe ya tuna ana kashe mota da makulli. A lokacin suna tsakiyar gonar wani, jandarma na biye da su. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai fasinjoji sun tuba, tuba na gaskiya.

6. Yi wa mai mota bayani

Tura wani. Rabe da kansa ya je, bayan Hajiya ta karɓo motarta. Ta dubi ƙafar, sannan ta ce, "Rabe, da ka hwaɗa mini ai da na kai ka wurin mai ɗori, motar ta jira ka. Yanzun wa zai shiga in ya gan ka a sitiyari?" Ta ba wani makullin. Yau Rabe na tasha, yana kira wa wasu direbobi fasinja.

Gargaɗi

Ni waya kawai na haɗa, kuma wayar ta yi abin da aka sa ta. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da mai motarka da hukumomin ƙasa biyu. In aiki ya ɓaci kada ka neme ni a bakin tasha, na tashi daga nan. Kada kuma ka tambayi Rabe inda na koma, don shi ma nema yake.